Laya da Tofi a Ƙasar Likitoci: Labarin Sikotilan



Sa'ad da aka nemi in faɗi abin da zan yi magana a kansa yau, na ce a kan layu da tofi da sauran tsarin jiki na mutanen Sikotilan ne, sai wani abokina ya bushe da dariya, ya ce shi bai taɓa jin Bature ya ɗaura laya ba. Ban ga laifinsa ba, domin Baturen da aka nuna mana tun muna firamare shi ne mai allura da kwalbar magani, wanda ba ya tsoron baki, ba ya tsoron maye. To, yau ina so in kai ku gidan su wannan Bature, ku ga abin da kakarsa take ɗaura wa saniyarta a wutsiya, da abin da take tofa wa jikanta in ya yi targaɗe.

Abin da ya sa na zaɓi Sikotilan, watau ƙasar da take arewa da Ingila a tsibirin Birtaniya, shi ne da yawa daga Turawan farko da suka tako ƙasarmu 'yan can ne. Mungo Park, wanda ya halaka a Busa cikin 1806, likita ne daga kusa da garin Selkirk. Clapperton, wanda ya shiga Kano cikin 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma mutu a Sakkwato cikin 1827, mutumin Annan ne. Dokta Baikie na Lokwaja kuwa, wanda ya hau Binuwai cikin 1854 yana shayar da mutanensa kwinin har ya komo bai rasa kowa ba, daga tsibiran Orkney ya fito. Shi Park ya ba da labari a littafin tafiyarsa na 1799 cewa a garin Kulikoro, cikin ƙasar Mali ta yau, mai masaukinsa ya kawo masa allo ya ce ya yi masa rubutu. Ya cika allon ciki da baya, mutumin ya wanke a ƙwarya ya shanye, har da lashe allon. Ya rubuta wannan ne don ya zama abin al'ajabi ga masu karatunsa na Landan da Edinbara. Alhali kuwa a daidai wannan zamani, a wani gida da bai kai mil 60 daga inda aka haife shi ba, manoma suna zuwa da kwalabe a tsoma musu wani ɗan jan dutse cikin ruwa, su kai wa shanunsu su sha.

Kuma kada ku manta, wannan ƙasa ita ce ta yi suna a duniya wajen ilmin likita. An buɗe sashen koyar da likitanci na Jami'ar Edinbara tun 1726. A birnin nan Simpson ya fara sa majiyyata barci da kulorofom cikin 1847. A asibitin Gilasgo Lister ya nuna yadda ake kashe ƙwayoyin cuta a wurin tiyata, ya buga sakamakonsa cikin 1867. Fleming da ya gano fanisilin cikin 1928 ɗan manomin Ayrshire ne. Tambayar da nake so mu riƙe ita ce: yaya aka yi laya da likita suka zauna ƙasa guda shekaru aru-aru, kuma me ya zo ya rage wa layar kasuwa?

Bari in fara da jan dutsen nan, domin shi ne ya fi kowace laya shahara a ƙasar. Suna kiransa Kwabon Lee, da sunan gidan sarautar Lee a yankin Lanark, inda zuriyar Lockhart suka gaje shi kaka da kakanni. Ɗan ƙaramin dutse ne ja wur mai duhu, mai kusurwa uku, an dasa shi a tsakiyar wani tsohon kuɗin azurfa, an sa masa sarƙa. Labarin da gidan suke bayarwa shi ne, da Sarki Robert Bruce ya mutu cikin 1329, an cire zuciyarsa an sa a akwati, jarumansa suka ɗauka za su kai Ƙudus bisa wasiyyarsa. Ba su kai ba. A Andalus suka tsaya suka shiga yaƙin da Sarkin Kastila yake yi da Musulmin Garnaɗa, aka kashe madugunsu Douglas a Teba cikin 1330. A wannan tafiya, in ji su, kakansu Simon ya kama wani babban Musulmi, tsohuwarsa ta zo fansa, tana ƙirga kuɗi sai dutsen ya faɗo daga jakarta. Saurin da ta yi ta ɗauke ya sa Simon ya gane abu ne mai daraja, ya ce ba zai saki ɗanta ba sai an haɗa da shi. Ta bayar, ta kuma gaya masa amfaninsa: tsai da jini, sauke zazzaɓi, cizon mahaukacin kare, da ciwon dabbobi.

Yaƙin Teba ya faru, wannan babu shakka. Amma kuɗin da aka dasa dutsen a ciki na zamanin Sarki Edward na Huɗu ne, wanda ya hau gadon Ingila cikin 1461, watau shekara 130 da ɗoriya bayan yaƙin. Ko dai an sake wa dutsen gida daga baya, ko kuwa labarin ne aka ɗinka masa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, da suka so su ƙara wa layarsu kwarjini, sai suka ce daga hannun Musulmi ta fito, kamar yadda ko'ina a duniya maganin nesa ya fi na gida farin jini. Marubucin nan Walter Scott ya gina littafinsa The Talisman na 1825 a kan wannan dutse, sai dai shi ya mai da labarin zamanin Salahuddin.

Yadda ake aiki da shi babu wuya. A riƙe sarƙar, a tsoma cikin ruwa sau uku, a juya sau ɗaya, shi ke nan ruwa ya zama magani, kuma ba a furta kome. Ku riƙe wannan rashin furta kome, za mu komo kansa. An ce a zamanin Sarki Charles na Ɗaya, da annoba ta faɗa wa birnin Newcastle na Ingila, hukumar garin ta aro dutsen, ta ajiye jinginar fam 6,000, kuɗin da a wancan lokaci ya isa sayen gari guda na manoma.

Ba gidan Lee kaɗai ba. A ƙasar tuddai ta arewa, inda ake magana da harshen Gelik, manyan zuriyoyi da dama suna da nasu dunƙulen dutse garai-garai kamar gilashi, girman ƙwan kaza ko ƙasa da haka, wani a ɗaure da azurfa. Zuriyar Stewart ta Ardvorlich suna da nasu, zuriyar Robertson suna da wanda suka ce an tsinta manne da gindin sandar tutarsu a kan hanyar yaƙin Bannockburn na 1314. Duk aikinsu ɗaya: a tsoma a ruwa, a ba mutum ko saniya. A ƙauyen Killin kuma akwai duwatsun kogi guda 8 da ake jingina wa wani waliyyinsu mai suna Fillan, kowane ya yi kama da wata gaɓa ta jiki, ana shafa shi a gaɓar da ta yi ciwo, kuma kowace shekara a jajiberin Kirsimeti ake sake musu shimfiɗar ciyawa.

Wannan na masu gida da suna ne. Talaka kuwa da abin da ya tsinta yake aiki. In manomi ya tono kan kibiya na dutsen ƙyastu, irin wanda mutanen dauri suka sassaƙa shekaru dubbai da suka wuce, sai ya ce kibiyar aljanu ce, kamar dai yadda a nan ake tsintar gatarin dutse na mutanen dā a ce gatarin aradu ne. Saniyar da ta kwanta farat ɗaya sai a ce aljanu sun harbe ta, a shafa jikinta ana neman inda kibiyar ta shiga, a jiƙa irin wannan dutse a ba ta ruwan. Wasu har azurfa suke sa masa su rataya a wuya. Tsohon gululun mazari da aka tono a gona, da tsoffin duwatsun wuya na gilashi, sun zama dutsen maciji, maganin sara. A tsibiran yamma kuma igiyar teku takan kawo wasu 'ya'yan itace masu tauri tun daga yankin Karebiyan, tafiyar dubban mil. Wani ɗan tsibirin Skye mai suna Martin Martin ya rubuta cikin 1703 cewa ana rataya wa yara su a wuya, wai in an nufi yaro da mugun ido sai farin ya koma baƙi. Akwai wani iri mai alamar gicciye a bayansa, wanda suke jingina wa Nana Maryamu, shi ungozoma take damƙa wa mai naƙuda a hannu.

Daga dutse sai zare da itace. Akwai wani itace da suke kira rowan, mai ƙananan 'ya'ya jajaye. Sukan shuka shi a ƙofar gida, su gitta tsinkensa biyu su ɗaure da jan zare, su rataya a ƙofar garke ko su ɗaura a wutsiyar saniya ranar da za a fara fita kiwo a farkon watan Mayu. Sarki James na Shida da kansa ya ambaci wannan al'ada a littafin da ya wallafa kan maita cikin 1597, yana kushe ta. Lura da cewa rabin waɗannan layu na saniya ne. Wanda duk ya san makiyayi ba zai yi mamaki ba: iyalin da saniyarsu guda ce, in nononta ya ƙafe a tsakiyar hunturun ƙasar nan, yaran gidan ne za su biyo baya.

Wanda ya fi burge ni cikin duka shi ne zaren targaɗe. A tsibiran Shetland da Orkney, ƙasar su Dokta Baikie ke nan, in mutum ya gurɗe sai a kai shi wurin wadda ta san sirrin. Ta ɗauko zaren baƙin ulu, ta yi masa ƙulli 9, ta ɗaura a gaɓar tana raɗa wasu kalmomi yadda ko majiyyacin ba zai ji ba. Kalmomin ɗan gajeren labari ne: wai Annabi Isa, alaihissalam, yana tafiya a kan dabba, ƙafarta ta gurɗe, ya sauka ya mai da gaɓar wurinta ta warke, to yadda waccan ta warke wannan ma ta warke. Masu Gelik ma suna da irinsa, wani lokaci da sunan waliyyinsu Columba ko Bride. Abin mamaki, cikin 1841 aka gano wani rubutun hannu na ƙarni na 10 a garin Merseburg na Jamus, ɗauke da wannan labari sak, sai dai a can mai gyaran ƙafar dokin gunkinsu ne na jahiliyya mai suna Wodan. Watau addini ya sake, harshe ya sake, an cire suna an sa wani, amma tofin yana nan kusan shekara dubu yana bin bakin tsofaffi. Kuma an ce bisa ƙa'ida namiji mace yake koya wa, mace kuma namiji, in an saɓa ƙarfinsa ya tafi.

Kambun baka kuwa, wanda su suke jingina wa ido, maganinsa ruwan azurfa ne. A tafi rafi a ɗebo ruwa daga ƙarƙashin gadar da rayayyu suke bi, ake kuma bi da gawa zuwa maƙabarta. Ba a magana da kowa, tafiya da dawowa. A jefa kuɗin azurfa a ciki, a yayyafa wa yaro ko saniya, a ba su su kurɓa. Wanda yake fama da kumburin wuya irin na tarin fuka, ɗa na bakwai a jerin maza ake nema ya shafa masa, a huda sisin azurfa a rataya masa, a gargaɗe shi cewa ranar da ya yar da shi ciwon zai dawo.

Jama'a, har yanzu abin da na lissafa ba ya cutar da kowa, in ban da ɓata lokaci. Targaɗe da ma yakan warke da kansa in an huta, kuma ba duk wanda kare ya ciza yake kamuwa da hauka ba, saboda haka zare da dutse sukan ci yabon da ba nasu ba. Wanda ya warke ya yi ta ba da labari, wanda ya mutu kuwa ba ya dawowa ya ƙaryata. Ba na kuma raina natsuwar da uwa take samu in ta ga an yi wa ɗanta wani abu. Amma akwai inda abin ya munana ƙwarai, kuma masu taɓin hankali da masu farfaɗiya ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa. A Strathfillan akan tsoma mai taɓin hankali cikin wani gurbi na kogi mai sanyin ƙanƙara, sa'an nan a ɗaure shi da igiya a kangon wata tsohuwar majami'a, a ɗora masa ƙararrawar waliyyi Fillan a ka, a bar shi ya kwana shi kaɗai. In da safe aka tarar ya kwance kansa, an ce akwai alamar sauƙi. Ƙararrawar tana nan yau a gidan tarihi na ƙasa a Edinbara. A tafkin Maree kuma akan ɗaura wa majiyyaci igiya a jefa shi ruwa, a ja shi bayan kwale-kwale ana kewaya wani tsibiri, a shayar da shi ruwan rijiyar tsibirin. A nan ne cikin 1678 majalisar limaman coci ta Dingwall ta tuhumi wani mutum da 'ya'yansa da yanka bijimi don matarsa ta sami lafiya. Dokta Arthur Mitchell, jami'in gwamnati mai duba lamarin masu taɓin hankali, ya tarar a wajen 1860 har lokacin ana binne baƙin zakara da ransa a daidai inda mai farfaɗiya ya fara faɗuwa. Wannan fa shekara goma sha wani abu ke nan bayan kulorofom ɗin Simpson.

To, me hukuma ta yi? Ta yi abin da hukuma ta saba yi, ta kafa doka. Cikin 1560 ƙasar ta bar ɗarikar Katolika ta koma Furotesta, sababbin limamai suka ɗauki rijiyoyin waliyyai da tofi da sunayensu a matsayin bautar gumaka. Cikin 1563 majalisar dokoki ta yi dokar maita, wadda ta yanke kisa ga mai yi da mai zuwa wurin mai yi. Cikin 1581 aka hana ziyarar rijiyoyi: karo na farko tara, na biyu kisa. Dokar maita ta zauna shekara 173, sai 1736 aka soke ta. Masanan Jami'ar Edinbara da suka tattara bayanan shari'un, suka fitar cikin 2003, sun sami mutum 3,837 da aka tuhuma, kashi 84 cikin 100 mata, kuma an ƙiyasta waɗanda aka kashe sun kai wajen 2,500.

Gaskiya ita ce yawancin masu tofi ba kashe su aka yi ba. Akan tsai da su gaban jama'a a coci ranar Lahadi cikin tsumma su tuba, ko a ci su tara. Amma tsakanin mai magani da mayya tazarar ba ta da yawa, majiyyaci guda ya mutu ko maƙwabciya ta yi fushi, an gama. Bessie Dunlop, matar wani manomi a Ayrshire, tana ba da maganin yara da na shanu, har matan manya suna aika mata. An ƙone ta a Edinbara cikin 1576. Alison Pearson ta yi wa babban limamin St Andrews, Patrick Adamson, magani da kanta. An ƙone ta cikin 1588, shi kuwa ba a taɓa shi ba. Agnes Sampson ungozoma ce da ake girmamawa, Sarki James da kansa ya zauna ya yi mata tambayoyi bayan an azabtar da ita, aka kashe ta cikin 1591.

Yanzu mu komo kan Kwabon Lee. Cikin ƙarni na 17 an kai ƙarar mai gidan Lee, Sir James Lockhart, gaban majalisar limamai a Gilasgo saboda wannan dutse. Limaman suka bincika, suka ce tun da ba a furta wasu kalmomi irin na masu tsafi, kuma Allah ya sanya wa duwatsu da tsirrai amfanin da hankalin ɗan Adam bai kai gare shi ba, to a janye ƙara, sai dai mai gidan ya riƙa yi a hankali kada ya ja abin magana. Amma cikin 1629 an gurfanar da wata matar manomi, Isobel Young ta East Barns, kuma cikin abin da ya fito a shari'arta har da ruwan wannan dutse da aka ɗebo wa shanun gidansu. Ba don ruwan kaɗai aka kama ta ba, tuhumomin suna da yawa, amma an shaƙe ta an ƙone. Dutse guda, ruwa guda. Hujjar limaman ta furta kalma da rashin furtawa tana da kyau a takarda, sai dai ni a ganina da mai gidan Lee talaka ne da ba su wahalar da kansu neman ta ba. Sai ranar 8 ga Maris 2022 shugabar gwamnatin Sikotilan ta lokacin, Nicola Sturgeon, ta nemi gafara a hukumance kan waɗanda aka kashe a ƙarƙashin dokar nan.

Duk wannan wuta ba ta kashe tofi ba, ta dai koya masa ɓuya. Shaida kuwa ita ce abin da aka tarar cikin ƙarni na 19. A nan ina so matasan ma'aikata da ke cikinmu su saurara, domin mutumin da ya fi kowa ceto wannan ilmi daga ɓacewa ma'aikacin gwamnati ne kamarsu. Alexander Carmichael, wanda aka haifa a tsibirin Lismore cikin 1832, jami'in harajin barasa ne, aikin da ba ya jawo wa mai shi farin jini a ƙauye. Aikin ya kai shi tsibiran yamma, ya shafe shekaru yana shiga bukkokin talakawa da littafinsa, yana rubuta addu'o'i da tofi daga bakin tsofaffi cikin Gelik. Da yawansu sai sun tabbata limami da malamin makaranta ba za su ji ba kafin su buɗe baki. Ya buga juzu'i biyu cikin 1900 da sunan Carmina Gadelica, 'yarsa da jikansa da wasu suka ci gaba har ya kai juzu'i 6 cikin 1971. Cikin 1976 wani masani ya zarge shi da gyara abin da ya ji don ya ƙara masa armashi, kuma da aka gwada littattafansa na hannu da abin da ya buga an ga lalle yakan goge, ya haɗa ruwayoyi. Yana so ne ya nuna wa masu raina mutanensa cewa suna da adabi. Na fahimci uzurinsa, amma wanda duk zai fita tattara adabin baka cikinku, ya rubuta abin da tsohuwa ta faɗa yadda ta faɗa.

Me ya sa tsofaffin nan suka riƙe tofi har ƙarshen ƙarni na 19, ga Edinbara cike da likitoci? Saboda likitocin suna Edinbara. A dā ƙasar tuddai tana da likitocinta na gado, zuriyar Beaton, masu littattafan hannu cikin Gelik da suke kafa hujja da Ibn Sina da Jalinusa, amma su ma sarakuna suke yi wa aiki, kuma sun shuɗe tare da sarautun a farkon ƙarni na 18. Talakan tsibiri ya rage ba na gado, ba na zamani. Likita mafi kusa yana iya zama bayan teku, ko tafiyar yini a kan duwatsu ba hanya, kuma kuɗinsa yana ƙaruwa da nisan tafiya. A tsibirin St Kilda yawancin jariran da aka haifa cikin ƙarni na 19 ciwon sandarewa mai sarƙe haƙora ya kashe su cikin kwana 8, har sai da wani limami, Angus Fiddes, ya je Gilasgo ya koyo tsabtace cibiya, aka kuma kawo ma'aikaciyar jinya. Bayan 1891 abin ya tsaya.

Cikin 1911 aka yi dokar inshorar lafiya a Birtaniya, amma ta masu albashi ce, ƙananan manoma da masuntan arewa ba su shiga ba. Sai aka naɗa kwamiti a ƙarƙashin Sir John Dewar, suka zaga tuddai da tsibirai cikin 1912 suna sauraron jama'a. Suka tarar da likitoci ƙalilan, ba gidan kirki, ba waya, ba abin hawa, mutane da yawa suna mutuwa ba wanda ya duba su balle ya rubuta dalili. Cikin 1913 aka kafa hukumar kiwon lafiya ta tuddai da tsibirai, gwamnati tana ba ta fam 42,000 a shekara. Aka cika wa likita abin da zai rayu da shi, aka ƙayyade abin da talaka zai biya: sule 5 zuwan farko, sule 2 da sisi na gaba, kome nisan gidansa, wanda ba shi da shi kuma ba a ƙin zuwa. Aka zuba ma'aikatan jinya a ƙauyuka. Cikin 1933 jirgin sama ya fara ɗauko majiyyaci daga tsibirin Islay zuwa Gilasgo. Wannan tsari ya riga hukumar lafiya ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka kafa cikin 1948, da shekara 35.

Ba na cewa wannan kaɗai ne. Makaranta ta yi nata, hanyoyi sun yi nasu, ƙaura ta kwashe mutane zuwa Kanada da Ostareliya, harshen Gelik da tofin yake zaune a ciki ya ja baya. Amma in kun auna, dokar ƙone mutane ta yi shekara 173, baƙin zakara bai daina shiga rami ba. Ma'aikaciyar jinya a kan keke ta zo, cikin tsara guda duwatsun tsomawa suka koma akwatin gilashi a gidan tarihi. Uwar da ta tabbata za a zo a duba ɗanta yau, a kuɗin da take iyawa, ba sai an yi mata wa'azi a kan kibiyar aljanu ba.

Duk da haka abin bai ƙare ƙaf ba. A tsibirin nan na tafkin Maree akwai itacen da masu neman lafiya suke kafa wa kuɗi, har Sarauniya Victoria da 'yan rakiyarta sun buga nasu kwabbai cikin 1877. Yawan tagullar ya kashe itacen. A Munlochy, arewa da birnin Inverness, akwai wata maɓuɓɓuga a cikin kurmi inda mai ciwo yake tsoma tsumma a ruwa, ya shafa inda yake masa ciwo, ya ɗaure a reshe, da nufin yadda tsumman yake ruɓewa haka ciwon zai tafi, kuma wanda ya cire tsumman wani ya ɗauki ciwonsa. Masu zuwa na wannan zamani, waɗanda asibitin kyauta yake jiransu mil kaɗan daga wurin, sun cika itatuwan da safa da riguna na roba waɗanda ba sa ruɓewa, abin da ko bisa ƙa'idar tsofaffin ya ɓata aikin. Cikin watan Janairu na 2022 wani da ba a san ko wane ne ba ya je ya kwashe tsummokaran kusan duka, mutanen yankin suka rabu biyu, masu godiya da masu fushi. Ba a daɗe ba sababbi suka fara bayyana a rassan, hukumar gandun daji mai kula da wurin kuwa abin da ta roƙa shi ne, wanda zai ɗaura ya ɗaura na auduga ko na ulu.